A Garinmu Ba a Haihuwar Gurgu

A Kervoalen, garinmu na bakin teku, ba a haihuwar gurgu. Ku tambayi kowa, daga Fada na coci har mai sayar da taba, haka za a gaya muku. Mu faɗuwa muke yi.

Matar mai burodi daga kan tsani ta faɗo tana wata tara. Kada ku tambaye ni abin da jaririya 'yar wata tara ta hau yi a kan tsani, ni ma ban tambaya ba. 'Yan matan gidan Cossec su uku ne, ukun duka daga amalanke guda suka faɗo, shekara bibbiyu tsakani, kuma har yau ba wanda ya ce a gyara amalanken. Ranar Lahadi in an tashi daga coci, ka tsaya a bakin makabarta ka ga mata suna gangarowa, dogayen hulunan leshinsu suna kaɗawa hagu da dama kamar jiragen ruwa a tasha ranar iska. Cikin kowace goma ba ka rasa biyu masu ɗingishi, kowace da tarihin faɗuwarta, da wurin, da watan, da wanda ya yi sakaci. Wadda ta faɗi tsautsayi ne ya same ta, tausayinta ake ji. Wadda aka haifa haka kuwa jinin gidansu ne ba kyau, sai a fara duban ƙannenta, a ce wa samari su nemi mata a wani gidan. To wa zai yarda a haife shi haka?

Ni Thumette Draoulec, tawa faɗuwar daga hannun yayana Alour ce. Ina wata bakwai, shi yana shekara shida. Innarmu, Corentine, ta fita ɗebo ruwa, ta ba shi ni ya riƙe a bakin gado, ya sake ni. Haka labarin yake. Na ji shi ya fi sau dubu, yawanci lokacin cin abinci, in Alour ya miƙa hannu zai ƙara man shanu.

Bawan Allah ya biya kuwa. A bayansa na yi makaranta, zuwa da dawowa, har ƙafafuna suka fara jan ƙasa. Shi yake ƙara wa takalmina na hagu tudu. Matakalar cocinmu hawa bakwai ce, kuma tun da na yi wayo ban taɓa hawanta ba sai hannunsa yana tallafe da gwiwar hannuna. 'Yan mata suka yi ta yi masa fari da ido, ya ce shi da aure sai ya ga Thumette ta samu nata. Thumette kuwa ba ta samu ba. Ba zan ɓoye muku ba, na ci moriyar abin son raina. In ina son sabon mayafi, ko ina ƙyuyar ɗebo itace, sai in dafa ƙugu in ɗan yi nishi, kafin in rufe baki an yi. Abu ɗaya ne ba ya yi ko za a yanka shi: ba ya ɗaukar jariri. Da an shigo da jariri ɗaki sai ka ga ƙaton mutum mai jan taru shi kaɗai ya cusa hannuwa a aljihu ya koma jikin bango.

Sai da ya kai arba'in da uku na gaji da ganin fuskarsa, na haɗa shi da Perrine Tanneau, wadda muke tsayawa kusa da juna a kamfanin kifin gwangwani muna cire kawunan kifi. Yarinya ce mai haƙuri, irin haƙurin nan mai ba mutum haushi. Shekara na zagayowa, a watan Maris na 1972, ta haifi 'ya mace a asibitin birnin Quimper. Ita ce ta farko a zuriyarmu da aka haifa a asibiti, Inna kuwa tun a mota take cewa ba alheri a ciki. Alour ya zo ya leƙa 'yarsa hannu a aljihu, ya ce a sa mata Anaig, washegari jirginsu ya fita teku na kwana ashirin.

Rana ta biyar muna ɗaure kaya za mu tafi gida, ni da Inna da Marjan, uwar Perrine, sai ga likita. Saurayi ne ɗan birni, da ɗan gemunsa. Ya kwantar da jaririyar, ya kama cinyoyinta ya buɗe su a hankali, sai muka ji ƙwas. Ya sake yi, muka sake ji.

"Akwai mai ɗingishi a danginku?" ya tambaya.

Mu huɗu ne mata a ɗakin, uku muna ɗingishi.

"Babu," in ji Inna da Marjan baki ɗaya. Tun ranar ɗaurin aure ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba sai ranar.

Likita ya dube ni, ya dubi takalmina.

"Faɗuwa ta yi," Inna ta ce.

"Ke fa, Iya?"

"Daga rumbun ciyawa, ina yarinya," in ji Inna.

"Ni saniya ce ta shure ni," Marjan ta ce, tun kafin a zo kanta.

Ya sosa gemu. "Shekarata biyu a nan, mata sun fi ɗari da suka gaya mini faɗuwa suka yi. Ban sani ba ko da man shanu kuke goge ƙasa a yankinku."

Ni kaɗai na yi dariya, Inna ta taka mini ƙafar, mai lafiyar.

Ya dunƙule hannu ɗaya ya sa cikin tafin ɗayan, ya nuna mana. Kan ƙashin cinya yana da gurbi a ƙugu inda yake zama. Na Anaig na hagu gurbin bai yi zurfi ba, ƙashin yana shiga yana fita. Ya ce ana gadonsa, ya fi kama mata, ya fi kama 'yar fari, ya fi kama wadda ta zo a zaune, Anaig kuwa duka ta haɗa. Ya ce abin da ke ƙarasa lalata shi shi ne naɗe jariri da muke yi, a haɗa ƙafafu a miƙe a ɗaure tamau, domin hakan fitar da ƙashin yake yi gaba ɗaya. Sannan ya ɗauko wani maɗauri na ƙyalle da igiyoyi, ya sa mata daga kafaɗa zuwa tafin ƙafa, gwiwoyinta suka ɗago suka buɗe gefe da gefe.

"Wata huɗu a haka, dare da rana," ya ce wa Perrine. "In kika yi, za ta yi gudu kamar kowa. In kika cire kika naɗe ta, nan da shekara biyu ki zo ki gaya mini daga inda ta faɗo."

Perrine ta ce to, tana hawaye. Ni ma na ga abin a fili yake, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma ban kawo kaina cikin maganar ba ko kaɗan. Ni ai faɗuwa na yi.

Tun a hanya Inna ta raɗa wa maɗaurin suna ragama, ta ce ita ba ta haifi jikar da za a ɗaure kamar jaki ba. Marjan ta ce jaki ma da sauƙi, yarinyar kwaɗo ta koma. Da muka isa gida aka ja labule, aka ce wa duk mai zuwa barka jaririya tana mura, likita ya hana ganinta. Mata suka yi ta ajiye fanke da ƙwai a bakin ƙofa suna miƙa wuya.

A ciki kuwa yaƙi ake yi. Marjan tana zuwa kullum bayan abincin rana, ta zauna ba ta cire mayafi ba, a fara.

"Mu dai Tanneau, ƙafafunmu a miƙe suke tun kaka da kakanni. Jinin wani gida ne, ga shaida nan tana feraye dankali."

"Thumette faɗuwa ta yi, duk gari ya sani. Ke ce za ki yi bayani, Marjan."

"Na ce miki saniya. Baƙa mai farin goshi."

"Wadda ta shure ki, ta shuri innarki, ta shuri ƙanwar innarki? Kai, saniyar nan ta ga shekaru."

"Rumbun ciyawarku fa? Ba daga nan yayarki ma ta faɗo ba? Ku mutanen gidanku ba ku san da tsani ba ne?"

In suka gaji da juna sai su haɗu a kan Perrine. Ta ci ƙaguwa tana da ciki, ƙaguwa kuwa kowa ya san yadda take tafiya. Ta tsallake igiyar jirgi a tasha. Ta zauna gaban talabijin ɗin maƙwabta har cikinta ya ɗauki zafi. Perrine tana zaune da 'yarta a cinya, kai a sunkuye, tana gyara igiyoyin ragamar kamar yadda aka koya mata. Ba ta cire ba ko sau ɗaya, na ba ta wannan. Sai dai baki ne ba ta da shi.

Matsalar ita ce baftisma. An sa ranar Lahadin da ke bin dawowar Alour, kuma a garinmu jariri a hannu ake ɗaukarsa daga gida har coci, ta babban titi, cikin doguwar rigar leshi, a naɗe a miƙe kamar kyandir, kowa yana tsaye a ƙofar gidansa yana kallo. Mura ba za ta hana wannan ba.

Ranar Juma'a da yamma Perrine ta hau sama ta kwanta da jaririyar. Ni ina gefen murhu ina feraye dankali. A gidanmu dama ni kamar kujera ce, ba wanda yake rage murya domina. Tsofaffin nan biyu suka ja kujeru kusa da juna, na ga yau sulhu za a yi.

"Ranar Lahadi a cire," in ji Inna. "A naɗe ta yadda aka naɗe mu. Ragamar kuma ta shiga akwati, kada ta sake fitowa. Bayan baftisma gidan nan cika zai yi, wata huɗu ba a ɓoye kwaɗo."

"Ina da jikoki mata biyar," Marjan ta ce. "Babbar an fara tambayarta. Ba zan bari ɗan gemu ya kashe musu kasuwa ba."

"In Allah ya sa ta miƙe, shi ke nan."

"In ba ta miƙe ba fa?"

"Yara ai suna faɗuwa."

Suka shiga zaɓe, kamar mata a gaban mai yadi.

"A ce likitan ne," in ji Marjan. "Da kunnenmu muka ji ƙwas."

"Yana da takardu, kuma yana da baki. Karenku dai. A ce ya bangaje shimfiɗarta."

"Karen nan bai taɓa yi wa kowa komai ba, Corentine. Ki bar mini kare." Ta yi tunani. "Akwai jikana, ɗan wajen ɗana Jakez. Shekararsa biyar, bai san komai ba. A ce shi aka ba ya riƙe."

"A'a," Inna ta ce da sauri. "Ban da yaro. Tebur ya fi. Tebur ba ya kuka, ba ya ƙin abinci. Na taɓa ɗora wa yaro, sati guda ko ruwa da ƙyar yake sha, har na ce mutuwa zai yi. A ce tebur."

Wuƙar ta zarce ta shiga babban yatsana. Ban ji zafi ba, jini kawai na gani yana ɗiga cikin ruwan dankali. Inna ta juyo, idonmu ya haɗu, na ga ta ji abin da bakinta ya faɗa. Na jira ta gyara, ta ce wani yaron take nufi, ko da ƙarya ce.

"Ki riƙa kula da hannunki," ta ce, ta tashi ta ɗora ruwan kofi.

Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Shekara talatin da takwas! Na tuna bayan Alour jiƙe da gumi a hanyar makaranta. Na tuna wata Naig mai jan gashi da ta jira shi shekara huɗu kafin ta haƙura ta auri ɗan sanda. Na tuna mayafai nawa na ci da nishin ƙarya. Har da wani abin kunya na ji, tunda na ce ba zan ɓoye ba: na ji haushin an ƙwace mini faɗuwata. Da safe ni mai tsautsayi ce, da yamma na zama gurguwa kawai.

Ranar Asabar jirginsu ya shigo, na gangara tasha da niyyar in gaya masa. Ya sauko yana warin kifi da gishiri, bai ko ajiye jakarsa ba ya kama gwiwar hannuna.

"Me ya kawo ki nan, Auta? Dutsen nan da santsi. Ƙugun ne?"

Na buɗe baki, sai na ji ɗumin hannunsa, na ce a raina in na faɗa wa zai sake riƙe ni haka? Na ce masa ba komai, iska na fito sha. Allah wadaran shiruna.

Lahadi da safe na sauko na tarar an share teburin kicin. Anaig tana kai, ba ragama. Inna ta haɗa mata gwiwoyi ta danne, Marjan tana zagaya ƙyalle daga idon sawu zuwa sama, tana ja tana ƙara ja. Yarinyar ta yi kuka har ta shiɗe. Perrine tana tsaye da ragamar a hannu.

"Mama, likita ya ce naɗewar ce take fitar da ƙashin."

"Yi mana shiru. Ke da jiya-jiya kika haihu za ki koya mana raino?"

"Alour, don Allah ka ce wani abu. 'Yarka ce."

Yana jikin ƙofa cikin baƙar kwat ɗinsa ta aure, hannu a aljihu. Ya dubi ƙasa.

"Su suka san jarirai, Perrine. Ni me na sani? Sakinsu kawai na iya."

Nan abin ya tsinke mini.

"Yaya, ranar da ka yar da ni, wace riga ce a jikina?"

"Wace irin tambaya ce wannan da safiyar baftisma?"

"Na yi kuka? Na yi jini? Da kai na faɗi ko da gefe?"

"Ban tuna ba, Thumette. Inna ta ce..."

"Inna ta ce. Kai me ka tuna? Ka tuna ma ka riƙe ni?"

Ya ce, "Na tuna Inna tana gaya wa Kaka, a ɗakin nan. Na tuna Baba ya cire bel."

"Ina ina lokacin?"

"Kina tsaye, kin dafa benci." Ya ɗago kai a hankali. "Kina tsaye."

"'Yar wata bakwai, a tsaye! Lallai na yi saurin girma." Na juya wajen Inna. "Gaya masa abin da kika gaya wa Marjan shekaranjiya. Gaya masa abin da ya sa tebur ya fi."

Marjan ta saki ƙyallen ta tafi taga, wai tana duba ko za a yi ruwa. Inna ba ta sunkuyar da kai ba, ba halinta ba ne. Ta gyara zaman hularta.

"Kina shekara biyu ba ki taka ba," ta ce. "Da kika taka kuma, kika taka kamar agwagwa. Kakarku ta uba tana zaune a kujerar can, ta ce dama an gaya mata kada ɗanta ya auro daga gidanmu. Ƙannena biyu ba su yi aure ba lokacin. Me kuke so in ce? Shi ne a kusa. Na ce yaro ne, zai manta."

"Ai ba ki bar ni na manta ba, Inna," in ji Alour. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"In na bari ka manta, gari ma zai manta."

Anaig tana ta kuka. Can aka fara kaɗa ƙararrawar coci. Na dubi yayana, furfura ta cika masa gefen kai, na ce, "Yaya, ka yafe mini mayafan." Bai gane ba, bai ma ji ni ba. Hannuwansa yake kallo, ya fito da su daga aljihu yana juya su.

"Perrine," ya ce, "kwance ta."

Ban san yarinyar nan tana da sauri haka ba. Kafin Marjan ta juyo daga taga ƙyallen yana ƙasa, ragama ta koma, kuka ya tsaya. Aka zura rigar leshin a kai, rigar da aka yi wa Draoulec bakwai baftisma da ita. Ba don kwaɗo aka ɗinka ta ba. Ta tattare a ciki, gwiwoyi biyu suka leƙo gefe da gefe, igiyoyin a fili, ko makaho ya shafa zai gane.

Marjan ce ya kamata ta ɗauke ta, ta ce ita hannunta yana ciwo. Inna ta ce ba da ita za a yi wannan abin kunya ba, ko ƙofa ba za ta leƙa ba.

"Ba ni ita," in ji Alour.

Ya miƙa hannuwa kamar mai karɓar tukunyar miya daga wuta. Perrine ta gyara masa, wannan a ƙarƙashin kai, wannan a ƙarƙashin ɗuwawu, kada ka matse gwiwoyin. Gumi yana ɗiga daga hancinsa. Ya tsaya ya fi minti guda bai motsa ba, yarinyar tana kallon gemunsa.

"Ba ta da nauyi," ya ce.

Muka fita. Shi a gaba, yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai, Perrine a gefensa, ni a baya. Ba mu kai kwanar farko ba na ji takun takalman katako biyu a bayana, ƙwas-tim, ƙwas-tim. Tsofaffin sun lissafa sun ga zama a gida ya fi jawo magana.

Titi ya cika, kamar yadda aka saba. Aka fara murmushi daga nesa, muna matsowa murmushin yana bushewa. Matar mai burodi, ta kan tsani, ita ta kasa haƙuri.

"Wayyo Maryamu! Alour, me ya same ta? Har ta faɗi?"

Na ji Inna ta ja numfashi a bayana, tebur yana bakinta. Alour ya riga ta, da muryar da yake kiran wani jirgi a teku.

"Ba ta faɗi ba. Haka aka haife ta, ƙashin ƙugunta bai zauna ba. Kamar gwaggonta, kamar kakanninta duka biyun. Wata huɗu za ta yi a haka ta warke."

Ban taɓa ganin mata da yawa haka sun miƙe tsaye ƙyam a lokaci guda ba, kowace tana ƙoƙarin daidaita kafaɗunta. Matar mai burodi ta tuna ta bar wani abu a tanda. Marjan ta ce da ƙarfi, ba ta kalli kowa ba, "Baƙa mai farin goshi." Muna wuce gidan Cossec sai ƙaramarsu ta biyo mu, jikarta 'yar wata biyu a naɗe a hannu, ta jera da Perrine tana yaba leshin rigar. Na ji ta tambaya ƙasa-ƙasa wace rana ɗan gemun yake ganin mutane.

Muka iso matakalar coci. Ni ko tunani ban yi ba, na ɗaga gwiwar hannuna kamar kullum, na jingina jikina inda hannu yake zuwa. Hannu bai zo ba. Hawa na uku ƙafar hagu ta zame, na tafi gaba ɗaya, hula gefe, takalmi gefe, siket a ka. Mutum ya fi ɗari biyu a filin, har da Fada a bakin ƙofa da littafinsa.

Alour ya juyo. Na ga kafaɗarsa ta motsa za ta zo, sai ya dubi abin da ke hannunsa, ya ƙara rungume shi. Hawaye yana bin gemunsa, amma dariya yake yi.

"Tashi, Auta," ya ce. "Hannuna da kaya."

Na dafa dutse na tashi da kaina, gwiwa a goge, na ɗauki hulata na kaɗe. Na juya na fuskanci filin.

"Ku shaida!" na ce. "Faɗuwar yau ce ta farko. Kuma a tarihin garin nan ita kaɗai ce aka yi a gaban mutane."

Sauran hawa huɗun ni kaɗai na hau su. Da wuya, amma ana hawa.

Anaig ta yi wata huɗunta har da sati biyu. Tana wata goma sha uku ta taka, a miƙe, daga benci zuwa gwiwar ubanta. Inna tana kujerar Kaka tana kallo, sai ga maƙwabciya ta shigo tana sa albarka.

"Ai mun kula da ita," Inna ta ce mata. "Ko sau ɗaya ba mu bari ta faɗi ba."